Na bar sukari da abincin leda wata uku, kilo 6 sun tafi: ya zan yi kada su dawo?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka taɓa bin wannan hanyar. Wata uku ke nan da na daina sa sukari a shayi, na bar lemon kwalba, biskit, kek, alawa da taliyar leda. Abincin da na dafa da hannuna kuwa ban rage ba, ina ci in ƙoshi. Daga kilo 94 na sauko 88.

Abin da ke damuna shi ne wannan ne karo na uku. Na farko da yunwa na yi, na biyu wani shayin rage tumbi na sha, duka biyun ƙibar ta dawo har da riba. Yanzu kuma mako biyu ke nan sikeli ya tsaya cak a 88. Shin barin sukari da abincin kamfani kaɗai ya isa ƙiba ta tafi ke nan, ko wannan ma hutu ta je za ta dawo?

Zee_Kwalisa
Wa alaikumus salam. Wata uku?! Anti, ki ba ni sirrin. Ni kwana huɗu na yi, a na biyar na tsinci kaina a gaban firji da tsakar dare ina ba cakulan haƙuri.

Baffa_Direba
Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Ni direban babbar mota ne, shekarata 54. A da lemo uku nake sha a rana, don barci kada ya sace ni a kan hanya. Ban taɓa lissafa shi a matsayin abinci ba, a ganina ruwa ne mai sanyi. Sai da likita ya ce sukarin jinina ya kama hanyar hawa, ya ɗauki biro ya yi mini lissafi: gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, kusan cokalin shayi tara ke nan. Uku a rana, cokali 26. Wallahi da a faranti aka zuba mini aka ce in cinye da na ce an raina ni.

Shekara huɗu yanzu ban koma ba. Kilo 11 na zubar a shekarar farko, biyu sun dawo, tara suna can inda suka tafi. Ban yi wani tsarin abinci ba. Lemon nan kawai da biskit ɗin da nake ajiyewa a gefen kujera.

Abu_Sadiq
Ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Sukari ba guba ba ne, kuma ba shi da wani sihiri. Ƙiba lissafi ce: abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona. Baffa ya cire kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) fiye da 400 a rana daga lemo, dole ya rame. Da shinkafa ya rage daidai wannan adadin, haka zai rame. Mutum zai iya barin sukari gaba ɗaya ya zauna yana narka soyayyen abinci na gida, ya ƙara ƙiba. Na ga masu yi.

Ɗalibin_Kimiyya
Yaya Abu_Sadiq, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da ya bari a baya: me ke sa mutum ya ci fiye da buƙatarsa tun farko? An gwada wannan. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa ba. An daidaita abin da ake ajiye musu ta fuskar kalori, sukari, mai da gishiri, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, suka ƙara kusan kilo 1. A makonnin ɗaya abincin suka rage kusan kilo 1. Ba wanda ya ce musu su rage ci. An kuma lura sun fi saurin cinye abincin kamfanin, wataƙila don laushi gare shi, ba ya buƙatar tauna sosai, kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi an riga an wuce gona da iri.

Abu_Sadiq
To ai ka ƙarfafa maganata. Kalori 500 ne suka yi aikin. Kuma mutum 20 a mako biyu-biyu? Ita fa Maman Hanifa maganar shekaru take yi.

Ɗalibin_Kimiyya
Na yarda, binciken ƙarami ne kuma gajere, bai amsa tambayar ɗorewa ba. Amma ka duba bambancin: kai kana cewa a ƙirga a rage, shi yana nuna cewa in ka canja irin abincin, ragewar tana zuwa da kanta ba tare da ƙirga ba. Wa zai yi shekara goma yana auna kowace loma?

Abu_Sadiq
Ni. Shekara biyu ke nan ina yi da manhaja a waya.

Zee_Kwalisa
Allah ya ƙara maka haƙuri, Yaya. Matarka ce abin tausayi.

Hajiya_Babba
Ni 'ya'yana ku fahimtar da ni tukuna. Kuna ta cewa abincin da aka sarrafa. To wane abinci ne ba a sarrafa ba? Niƙa sarrafawa ce, dafuwa sarrafawa ce, shanya ma haka. Ko ɗanye za mu koma ci kamar awaki?

Nas_Rabi
Hajiya, tambayarki ita ce ta fi kowacce muhimmanci, don da yawa a nan suke ruɗewa. Wani farfesa a Jami'ar Sao Paulo ta Brazil, Carlos Monteiro, shi da abokan aikinsa suka kasa abinci gida huɗu, ana kiran tsarin NOVA. Gida na farko abinci ne yadda yake ko an ɗan taɓa shi kaɗan: hatsi, wake, ƙwai, nama, kifi, madara, ganye, 'ya'yan itatuwa, ko an niƙa, ko an busar, ko an daskarar. Na biyu kayan girki: mai, gishiri, sukari. Na uku abin da aka haɗa na farko da na biyu, kamar kifin gwangwani, cuku, ko burodin da ba a sa masa komai ba sai fulawa, ruwa, yis da gishiri. Na huɗu shi ne abin magana: wanda aka ƙera a masana'anta daga sitaci, mai, sukari da sinadarai na ƙamshi, launi da hana lalacewa.

Hanya mai sauƙi: ki juya ledar ki sa a karanta miki jerin abin da ke ciki. In akwai abubuwan da ba ki taɓa ganinsu a kicin ɗin kowa ba, to gida na huɗu ne. Kuma ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in sukari ya zo na farko ko na biyu, kin san abin da kika saya. Sukan kuma raba shi sunaye daban-daban, gulukos, furuktos, sirop na masara, don kada ya fito a sahun gaba.

Hajiya_Babba
Madalla. Ashe tukunyata ba ta da laifi. Allah ya yi miki albarka.

Abu_Sadiq
Hajiya, tana iya yin laifi in man ya yi yawa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4.

Hajiya_Babba
Kai dai yaron nan ba ka barin mutum ya ji daɗi.

Ummu_Khalil
Ni dai na huta, tun bara na koma zuma. Cokali biyu a shayi safe da yamma, sai ruwan lemon zaƙi da nake matsewa da kaina. Ba na taɓa farin sukari. Sai dai abin mamaki ko kilo ɗaya ban rage ba.

Nas_Rabi
Ummu Khalil, an gudu ba a tsira ba. Zuma tana da amfaninta, ba wanda ya musa, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma ga mai son rage nauyi jiki ba ya yi mata ragi. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin sukarin da aka ce a rage, tare da wanda ake zubawa a abinci. Sun ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, wato kamar giram 50 ga mai cin kalori 2,000, in kuma an sauko ƙasa da kashi 5, kamar cokalin shayi shida, ya fi. Ɗan itacen da kika ci ɗungurungum ba ya cikin lissafin. Ki gwada: lemon zaƙi nawa kike matsewa kafin kofi ya cika? Uku ko huɗu. Za ki iya zama ki cinye huɗu a jere? Da ƙyar. Tauna da zare-zaren cikinsa su ke ƙosar da ke, su kuma kika zubar a shara.

Ummu_Khalil
Innalillahi. Shekara guda ina yaudarar kaina da tsadar zuma.

Slim_Cikin_Kwana7
Masu fama da tumbi da teɓa ku yi mini magana ta akwati. Shayinmu yana narkar da kitse cikin mako ɗaya ba tare da barin komai ba.

Mai_Gudanarwa
An cire lambar da ya saka. Ba a talla a nan. Wannan gargaɗi na ƙarshe ne.

Maman_Hanifa
Irin wannan na sha a karo na biyu. Ba kitse yake narkarwa ba, banɗaki yake aika mutum. Kwana goma na yi kamar an zare mini laka, sikeli ya nuna kilo 3 sun tafi, ina dainawa suka dawo cikin mako ɗaya.

Siririn_Gida
Ni kuma ku taimake ni da kilo shidan da kika zubar, Anti. Ina shan lemo, ina cin biskit, iska na neman ɗauke ni.

Nas_Rabi
Ƙanena, rashin ƙiba ba takardar shaidar lafiya ba ce. Siriri ma yana kamuwa da ciwon sukari, kitse yana taruwa a hanta ba tare da an gani a waje ba, haƙora kuma ba ruwansu da nauyinka.

Malam_Injiniya
Mun yi nisa da tambayar baiwar Allah. Ta ce sikeli ya tsaya. Maman Hanifa, wannan ba alamar lalacewa ba ce, haka abin yake tafiya. A makon farko da na biyu, yawancin abin da ke sauka ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Abincin leda kuma gishiri gare shi, shi ma yana riƙe ruwa. Shi ya sa farko ake ganin gudu, daga baya a ga tafiyar hawainiya. Sannan jiki mai kilo 88 ba ya ƙona abin da mai kilo 94 ke ƙonawa, kamar mota ce da aka sauke mata kaya. Wata rana abin da kike ci da abin da kike ƙonawa za su yi daidai, sai nauyi ya tsaya.

Kuma jiki yana mayar da martani. Akwai wani shirin talabijin na gasar rage ƙiba a Amurka, masu bincike suka bi mutum 14 daga cikin 'yan gasar. Sun zubar da kusan kilo 58 kowanne a matsakaici, bayan shekara shida kusan kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga mai nauyinsu. An buga wannan a 2016.

Maman_Hanifa
Malam, ka zo ba ni ƙwarin gwiwa ne ko karya mini zuciya? Ke nan duk wahalar banza ce?

Malam_Injiniya
A'a, ki gafarce ni, ban ƙarasa ba. Su sun yi ne da yunwa da motsa jiki na sa'o'i a rana, irin rayuwar da ba mai iya ci gaba da ita bayan an kashe kyamara. Karonki na farko ya fi kama da nasu. Wannan karon kin ce kina ci ki ƙoshi. Tambayar da zan yi miki ɗaya ce: yadda kike ci yau, za ki iya yin shekara biyar a haka?

Maman_Hanifa
Shayi ba sukari na saba, har in an sa mini yanzu sai in ji ya yi mini zaƙi da yawa. Lemo ma ba ya ba ni sha'awa. Kek ne dai har yanzu nake mafarkinsa.

Nas_Rabi
Kafin a wuce, Maman Hanifa, kada ki raina kilo 6. Fiye da kashi 6 cikin 100 na nauyinki ne. A wani babban bincike na rigakafin ciwon sukari da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ba sai kin koma yadda kike kafin aure ba. Ki kuma samo tef na tela ki riƙa auna ƙugu, wani lokaci sikeli yana tsaye ƙugu yana raguwa. Abin da ake so shi ne kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsayinki.

Sannan gargaɗi ga masu karantawa a ɓoye: in kana shan maganin ciwon sukari ko kana allurar insulin, kada ka yanke sukari da sitaci rana ɗaya ba tare da likitanka ya sani ba. Sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa sosai, kuma wannan yana kai mutum ga suma. Mai ciki da mai shayarwa ma su fara tuntuɓa.

Zee_Kwalisa
To lemon da aka rubuta ba sukari fa? Ko shi ma za ku ƙwace mana?

Ɗalibin_Kimiyya
A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari don rage nauyi, saboda ba su ga yana taimakawa a dogon zango ba. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba.

Abu_Sadiq
Ka faɗi sauran mana: su da kansu sun ce shawarar mai sharaɗi ce, hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Mai shan lemo uku a rana in ya koma marar sukari ya cire kalori 400. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baffa_Direba
Ni na gwada shi wata biyu. Ya taimake ni na tsallake, kamar gada. Amma muddin ina shansa, harshena bai daina neman zaƙi ba. Sai da na koma ruwa zalla kwaɗayin ya mutu. Wani abokin aikina kuwa har yau shi yake sha, ya rame, bai koma ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bintu_A
Ban cika magana a nan ba, amma maganar kek ɗin Maman Hanifa ta taɓa ni. Ni wata bakwai na yi ban ɗanɗana komai mai zaƙi ba. Na rantse, na gaya wa kowa, har ina yi wa mutane wa'azi a kan faranti. Kilo 13 suka tafi. Ranar wani taro aka miƙo mini yanka ɗaya na kek, na ce bari in ɗan taɓa. Da na ci sai zuciyata ta ce ai kin riga kin karya, ƙarasa kawai. A daren na ci abin da ban ci ba a wata bakwai. Washegari kunya, jibi kuma na ce sai farkon wata zan sake farawa. Farkon watan nan bai zo ba sai bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin kilo 15 sun hau.

Ba kek ɗin ne ya kayar da ni ba, yanka ɗaya me zai yi? Dokar da na kafa wa kaina ce, wadda ba ta da ƙofar dawowa. Yanzu na sake farawa, wata goma ke nan, kilo 8. Sau ɗaya a mako ina cin abin da raina ke so, a zaune, a faranti, ba a ɓoye ba. Amma ba na saye in ajiye a gida. Tafiyar ta fi jinkiri, sai dai ban taɓa jin ina kurkuku ba.

Baffa_Direba
'Yata, ni kuma akasin haka ne. In na sha ɗaya sai na sha uku. Gara mini kada in fara.

Bintu_A
Na yarda, Baffa. Ina ga sai mutum ya san irin zuciyar da yake da ita.

Ɗalibin_Kimiyya
Wannan ya tuna mini da binciken Jami'ar Stanford na 2018. Mutum 609, shekara guda, rabi aka ce su rage mai, rabi su rage sitaci. Amma duka an ce su bar ƙarin sukari da farar fulawa, su yawaita ganye, su riƙa girki a gida, kuma ba a ba su adadin kalori ba. Ɓangare ɗaya ya rage kilo 5 da ɗoriya, ɗayan kilo 6, kusan kunnen doki. Abin lura shi ne a cikin kowane ɓangare wasu sun zubar da fiye da kilo 20, wasu kuwa ƙaruwa suka yi. Umarni ɗaya, sakamako daban-daban.

Maman_Hanifa
Maganar kada a ajiye a gida ita ce matsalata. Maigida ba ya shigowa hannu rabbana, kullum da ledar biskit da lemo na yara. In na yi magana ya ce ke kike rage ƙiba, ba mu ba.

Hajiya_Babba
Kada ki mai da shi faɗa, 'yata, ba za ki ci riba ba. Shi a ganinsa ƙauna ce yake shigowa da ita. Ki ce masa yaran suna son ayaba da kankana, ki bar su su roƙe shi da bakinsu. Na biskit kuma ki ba shi wuri a ɗakinsa, ba a kicin ba. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta cika nema ba. Kuma ki shirya, in kika ƙara ramewa za a fara tambayarki ko lafiya, ko wani abu na damunki a gidan. Ki yi dariya ki wuce.

Malam_Injiniya
Shi ya sa nake ganin ana ɗora wa mutum ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinsa. Meziko ta sa haraji a kan lemo mai sukari a 2014. Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban leda tun 2016. Birtaniya ta fara nata harajin a 2018, kamfanoni da yawa suka rage sukarin lemonsu don kada su biya. Kai kaɗai kana kokawa da masana'antar da ke biyan ƙwararru albashi don su gano yadda ba za ka iya tsayawa a guda ɗaya ba.

Abu_Sadiq
Har yanzu dai hannunka ne ke kaiwa baki.

Ummu_Khalil
Ba wanda ya yi maganar barci. Ni duk ranar da jariri ya hana ni barci, washegari zaƙi kawai nake nema kamar mai aljanu.

Nas_Rabi
Ba aljanu ba ne. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya sauke wanda ke sanar da ƙoshi. Mu masu aikin dare mun san wannan, da asuba ba mai neman ganye. Abin da ke ɗan taimaka mini shi ne in karya da abu mai riƙe ciki, ƙwai ko wake, maimakon farin burodi da shayi kawai.

Maman_Hanifa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yanzu na auna ƙugu na rubuta a bayan kalanda, zan sake nan da wata guda. Zan fara tafiyar minti 30 da yamma, don gaskiya ban taɓa haɗawa da motsa jiki ba. Maganar kek kuma ban yanke ba tukuna, ban sani ba ko ni irin Bintu ce ko irin Baffa. Amma Nas, kin ambaci farin burodi. Ni fa ban bar shi ba, yanka huɗu nake ci kowace safiya. Shi wane gida yake a cikin huɗun nan?

Abu_Sadiq
Yanka huɗu? To ga inda 88 ɗinki ta maƙale.

Nas_Rabi
Ya danganta da burodin. Ɗauko ledar ki turo mana hoton bayanta.

Zee_Kwalisa
Ku jira ni, ni ma bari in ɗauko tawa. Yau kwana ɗaya, an sake sabon lale.